Kundin bibiya: yadda inshorar Medi-Cal ke biyan hidimar sama wa marasa matsuguni ɗaki a Kalifoniya

3 ga Janairu, 2022

Shekaranjiya tsarin CalAIM, wato sabon fasalin inshorar lafiya ta Medi-Cal, ya fara aiki a jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan da CMS, hukumar tarayya mai kula da Medicaid, ta sa hannu a kan izininsa ranar 29 ga Disamba. Izinin na shekara biyar ne, zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 2026. Tsarin yana da rassa da yawa, amma reshe ɗaya kaɗai wannan kundi zai riƙa bi: wanda ya shafi masu kwana a tanti, a mota, a ƙarƙashin gada da gidajen kwana na wucin gadi. Ƙidaya ta ƙarshe da aka kammala, ta Janairun 2020, ta samu mutum 161,548 a jihar cikin dare ɗaya, kuma akasarinsu a waje suke kwana.

Medi-Cal shi ne sunan Medicaid a jihar, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Tun 2014 babban mutum marar yara yana iya shiga muddin abin da yake samu bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba. Saboda haka kusan duk ɗan ƙasa da ke kwana a titi ya cancanta. Gwamnati ba ita ke biyan asibiti kai tsaye ba a yawancin lokuta. Kamfanonin inshora take ba wa kuɗi wata-wata a kan kowane mutum, su kuma su biya masu aiki. A gundumar Los Anjeles manyan biyun su ne L.A. Care da Health Net.

Sabon abu shi ne hidimomi 14 da aka yarje wa kamfanonin su biya, waɗanda ba magani ba ne. Biyar daga ciki su ne ginshiƙin wannan aiki. Akwai jagorar neman gida, wato ma'aikacin da zai haɗa wa mutum takardu, ya nemo ɗaki, ya yi magana da mai gida. Akwai kuɗin jingina da kayan fara zama, sau ɗaya a rayuwar mutum. Akwai hidimar riƙe haya bayan an tare. Sai masaukin murmurewa na wanda aka sallama daga asibiti bai gama warkewa ba, har kwana 90 a jere, da kuma masaukin bayan asibiti na ɗan lokaci, har wata shida. A gefe guda akwai jami'in bibiya guda ɗaya da zai riƙe al'amuran mutum gaba ɗaya, ya je ya same shi inda yake.

Abu biyu ya kamata a rubuta tun yau. Na farko, hidimomin nan ba dole ba ne; kamfani ne ke zaɓar wadda zai bayar a kowace gunduma, kuma jihar tana da gunduma 58. Na biyu, babu kuɗin haya na wata-wata a cikin jerin. Dokar Medicaid ta daɗe da hana biyan kuɗin ɗaki da abinci. Inshora za ta biya wanda zai nemo ɗakin da wanda zai taya riƙe shi, amma hayar kanta sai ta fito daga wata jaka daban.

16 ga Mayu, 2022

Wata huɗu da rabi, kuma inda aka fi cijewa ba wajen marasa matsugunin ba ne, wajen ƙungiyoyin da ke yi musu aiki ne. Waɗannan ƙungiyoyi da tallafin shekara suka saba: a ba su kuɗi a dunƙule, su rubuta rahoto a ƙarshe. Yanzu an mai da su tamkar ƙaramin asibiti. Kafin ƙungiya ta karɓi dala ɗaya sai ta mallaki lambar shaidar mai ba da hidimar lafiya mai alƙaluma goma, ta ƙulla kwangila da kamfani, ta tanadi kwamfuta da manhajar da ta cika sharuɗɗan sirrin majinyata, ta kuma samu wanda ya iya cika takardar neman biya. Inda gunduma ke da kamfani huɗu ko biyar, kwangila huɗu ko biyar ke nan, kowanne da fom ɗinsa, da shafinsa na intanet, da farashinsa.

Ga yadda aiki ɗaya yake tafiya. A duba ko rajistar mutum tana raye a wannan watan, da kuma kamfanin da yake ciki. A cika takardar tura shi, a haɗa da shaidar rashin matsuguni da ta ciwon da ya sa ya cancanta. A jira izinin kamfani. Bayan izini a rubuta tsarin neman gida na shi kaɗai. Kowace ganawa a rubuta ranarta da abin da aka yi. Ƙarshen wata a tura neman biya. Ƙa'ida ta ce a biya kashi 90 cikin ɗari na takardun da ba su da kuskure cikin kwana 30, sai dai kalmar "kuskure" tana da faɗi. Harafi ɗaya a suna, ranar haihuwa da ta saɓa da ta rajista, ko izinin da ya ƙare ba a lura ba, duk suna dawo da takarda. Jihar ta yarda ƙananan ƙungiyoyi su tura rasit na yau da kullum maimakon takardar asibiti, amma ko shi yana da guraben da dole a cike.

Asara mafi girma ita ce ta lokacin nema. Mutum zai yi mako uku ana zuwa wajensa kafin ya yarda ya faɗi sunansa na gaskiya, kuma aikin da aka yi kafin izini ba kasafai ake biyansa yadda ya kamata ba. Ƙungiyar da ba ta da ajiyar albashin wata uku a asusu gara ta dakata. Akwai asusun PATH na dala biliyan 1.85 da aka ware domin irin wannan shiri, da wani na ƙarfafa kamfanoni a kan harkar gidaje na dala biliyan 1.288, wanda kamfani ba ya samu sai ya haɗa kai da hukumar marasa matsuguni ta yankinsa.

Ranar 1 ga wannan wata an buɗe cikakkiyar rajista ga 'yan shekara 50 zuwa sama ba tare da duba takardar zama a ƙasa ba.

20 ga Disamba, 2022

A watan jiya ma'aikatar lafiya ta jihar ta fitar da umarni a kan likitocin titi. A da, likita zai duba mutum a bakin tanti, ya ga yana bukatar hoton ƙirji ko ganin ƙwararre, amma kamfani ya ce sai likitan da aka rubuta masa a kati ya tura shi, likitan da wataƙila yake can wani gari kuma bai taɓa ganinsa ba. Yanzu likitan titi yana iya zama shi ne likitan mutum na farko, ya tura shi da kansa. Wannan gyara ne na gaske. Aikin duba majinyata a titi ba sabo ba ne, Dokta Jim Withers ya fara shi a Pittsburgh tun 1992, amma ya daɗe yana rayuwa a kan kyautar masu hannu da shuni.

Yanzu maganar takardu, domin a nan jagoran neman gida ke ƙarar da yawancin lokacinsa. Kafin a sa mutum a layin gida na dindindin ana bukatar katin shaida mai hoto, katin lambar Social Security (lambar shaida ta gwamnatin tarayya), takardar haihuwa a wasu shirye-shiryen, shaidar kuɗin shiga ko rashinsa, takardar likita mai tabbatar da naƙasa, da shaidar tsawon zaman titi. Kowace tana jiran 'yar'uwarta: ba katin shaida sai da takardar haihuwa, takardar haihuwa kuma tana neman a tabbatar da wane ne mai nema. Dokar jiha ta yafe wa marar matsuguni kuɗin katin shaida da na takardar haihuwa idan a Kalifoniya aka haife shi, in dai wata ƙungiya ta sa masa hannu a fom. Wanda aka haifa a wata jiha kuwa sai an bi ƙa'idar can, da kuɗinta, da makonninta. Duk takardar da ta zo a ɗauki hotonta a ajiye a rumbun bayanan marasa matsuguni na kwamfuta, HMIS, a ranar, domin ta hannu ba ta daɗewa: ruwa, sata, ko motar shara.

Ma'anar "wanda ya daɗe a titi" a wajen ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ce mai naƙasa da ya yi wata 12 a jere, ko sau huɗu cikin shekara uku da suka haɗu suka kai wata 12. Akwai tarko a ciki. Zaman asibiti, gidan yari ko cibiyar daina shan ƙwaya da ya kai kwana 90 yana katse lissafin. Jami'in da bai san wannan ba zai iya jawo wa mutum asarar matsayinsa a layi da kyakkyawar niyya.

Ƙidayar marasa matsuguni ta 2022 ta fito: mutum 171,521 a jihar. A Los Anjeles sabuwar magajiyar gari, Karen Bass, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar ranar 12 ga wata.

26 ga Yuni, 2023

Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta fitar da bincike mafi girma da aka yi a kan marasa matsuguni a jihar cikin shekaru masu yawa, ƙarƙashin Dokta Margot Kushel, da mutum kusan 3,200. Tara cikin goma a Kalifoniya suka rasa gidansu na ƙarshe, uku cikin huɗu ma a gundumar da suke kwana yanzu. Zancen da ake yawan yi cewa daga wasu jihohi suke kwararowa saboda daɗin yanayi bai tsaya da ƙafarsa ba. Matsakaicin shekarunsu 47. Matsakaicin kuɗin da ke shiga gidansu a wata, cikin wata shida kafin su rasa muhalli, dala 960.

Abin da ya fi shafar wannan aiki: sama da kashi 80 cikin ɗari suna da inshorar lafiya, galibi Medi-Cal. Ke nan ƙofar shiga CalAIM a buɗe take ga mafi yawansu. A ajiye dala 960 ɗin nan kusa da hayar ɗaki da falo a Los Anjeles, wadda ke tunkarar dala 2,000, sai a ga inda gizo ke saƙa. Tallafin gunduma ga babba marar komai a can dala 221 ne a wata.

14 ga Agusta, 2023

Shekara uku, saboda annobar korona, ba a cire kowa daga Medicaid ba. Wannan kariya ta ƙare ranar 31 ga Maris, kuma a Kalifoniya rukunin farko na waɗanda aka cire ya faɗi ranar 1 ga Yuli: kimanin mutum 225,000, kusan tara cikin goma saboda takarda ba ta dawo ba, ba don an same su da arziki ba.

Fom ɗin sabunta rajista cikin ambulan mai ruwan ɗorawa yake zuwa, ta gidan waya, zuwa adireshin da gunduma ke da shi. Mai kwana a tanti adireshinsa na shekarar 2019 ne, ko na wata ƙungiya da ya daina zuwa. Da zarar rajista ta mutu, izinin jagorar neman gida ya mutu tare da ita, kuɗin jinginar da aka amince da shi ya tsaya, ƙungiya kuma tana ta aiki ba ta sani ba sai takardar neman biya ta dawo.

Matakan da suka yi amfani: a duba watan sabuntawar kowane mutum tun ranar farko a rubuta a bangon fayil ɗinsa, a mai da adireshin wasiƙa zuwa ofishin ƙungiya ko asibitin unguwa, a cika fom ɗin da ke ba jami'i izinin magana da gunduma a madadinsa, a duba rajista ranar ɗaya ga kowane wata ba tare da fashi ba. Wanda aka cire yana da kwana 90 ya kai takardun a mayar da shi ba tare da sabuwar rajista ba. Jihar ta kuma samu sassaucin da ke ba ta damar sabunta wa wanda aka san ba shi da kuɗin shiga ko kaɗan ta kwamfuta, ba sai ya cika komai ba. Wannan sassauci kaɗai ya fi tarin tallace-tallacen rediyo amfani ga mutanen titi.

2 ga Oktoba, 2023

Daga jiya akwai lambar wurin aiki ta 27 a takardun neman biya na ƙasa baki ɗaya, ma'anarta "an duba shi a titi". Kafin yanzu babu gurbin da ya dace da hakan. Asibitoci kuma su riƙa sa lambar Z59.01 ga mai kwana a gidan wucin gadi, Z59.02 ga mai kwana a waje. Idan ba a sa ba, kamfanin inshora ba shi da hanyar gane cewa mutumin nan na cikin waɗanda ya kamata a nema.

5 ga Fabrairu, 2024

Sabbin kwangilolin jihar da kamfanonin inshora sun fara ranar 1 ga Janairu, kuma mutum kimanin miliyan 1.2 suka tsinci kansu a sabon kamfani. An kafa ƙa'idar ci gaba da hidima na wani lokaci, amma ƙungiyar da ba ta da kwangila da sabon kamfanin dole ta fara daga tushe. A ranar ce kuma aka buɗe rajista ga 'yan shekara 26 zuwa 49 marasa takardar zama, aka kuma soke duba kadara. Sai dai a lura: marar takardar zama yana iya samun jagorar neman gida ta Medi-Cal, amma ba ya samun takardar tallafin haya ta tarayya. Jagora ne ba tare da inda za a kai shi ba, sai in gunduma ko birni na da nasu kuɗin.

Takardar tallafin hayar nan, wadda aka fi sani da Section 8, ita ce jakar da aka dogara da ita. Mai haya ya biya kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, gwamnati ta cika sauran. A faɗin Amurka kusan gida ɗaya cikin huɗu da suka cancanci tallafin haya ne ke samu. Wanda ya samu ma tsugune ba ta ƙare ba. Takardar tana da wa'adi, mafi ƙaranci kwana 60, ana iya neman ƙari amma a rubuce kuma kafin ta mutu. A nemo ɗakin da hayarsa ba ta wuce ma'aunin hukumar gidaje ba. Mai gida ya cika nasa fom. Hukuma ta turo mai duba gini, kuma ƙaramin abu kan kayar da ɗaki: na'urar gano hayaƙi da ba ta aiki, tagar da ba ta kulluwa, fentin da ke ɓarewa a tsohon gini. Duk tsawon wannan jira ɗakin a rufe yake ba ya kawo wa mai shi komai, ga wani mai neman haya da kuɗinsa a hannu.

Tun Janairun 2020 haramun ne a jihar mai gida ya ƙi mutum don yana riƙe da wannan takarda. Wanda ba ya so sai ya fake da tarihin bashi ko tsohuwar shari'ar kora. Abin da ke sauya ra'ayin masu gidaje a aikace guda uku ne: kuɗin riƙe ɗaki yayin jiran mai duba gini, asusun biyan ɓarna, da lambar wayar da za a ɗaga idan rigima ta tashi da dare. Kuɗin jingina na Medi-Cal kuwa, idan sai ƙungiya ta fara biya daga aljihunta sannan a mayar mata, to wadda ba ta da jari ba za ta iya ba, ɗakin kuma ya wuce.

Ƙidayar marasa matsuguni ta 2023: mutum 181,399 a jihar.

29 ga Yuli, 2024

Abubuwa sun taru. A Maris masu zaɓe suka amince da ƙudurin Proposition 1 da ƙyar, da kashi 50 da ɗigo kaɗan: bashin dala biliyan 6.38 na gina wuraren jinya da gidaje, da sharaɗin cewa daga Yulin 2026 gundumomi su kashe kashi 30 cikin ɗari na harajin lafiyar ƙwaƙwalwa a kan muhalli. Harajin nan shi ne kashi ɗaya cikin ɗari da ake karɓa daga masu samun sama da dala miliyan a shekara, wanda aka amince da shi a 2004. A Afrilu mai binciken kuɗi na jiha ya ce an kashe kusan dala biliyan 24 a kan matsalar rashin matsuguni cikin shekara biyar ba tare da bin sawun sakamako yadda ya kamata ba.

Daga 1 ga Yuli mai gida ba zai karɓi jinginar da ta wuce hayar wata ɗaya ba, sai ƙananan masu gidaje da aka bar wa wata biyu. A da wata biyu ne ga ɗakin da ba kaya, uku ga mai kaya. Wannan ya rage nauyin kuɗin jingina, ya bar sarari a sayi katifa, firji da tukwane.

Ranar 28 ga Yuni Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai shida a kan uku, ta yanke hukunci a shari'ar birnin Grants Pass na jihar Oregon cewa hukunta mai kwana a fili bai saɓa wa tsarin mulki ba ko da babu gadon da za a ba shi. Ranar 25 ga Yuli Gwamna Gavin Newsom ya umarci hukumomin jiha su riƙa tashin sansanoni. Ba a nan za a yi muhawarar ba, amma ga abin da tashin sansani ke yi wa wannan aiki. Magani ya tafi cikin shara, kuma sake karɓarsa kafin lokaci sai da roƙo na musamman. Waya ta ɓace, jami'i ya rasa mutumin da ya yi wata huɗu yana haɗa wa takardu. Tarar da ba a biya ba ta koma sammaci, sammacin ya fito a binciken mai gida. Shirin da ya fi: a nemi jadawalin tashin daga birni, a isa kwana biyu kafin ranar, a rubuta wurare biyu ko uku da kowa zai iya komawa da sunan wanda ya san shi, masu ciwon ƙwaƙwalwa ko masu shan maganin daina ƙwaya kuma likita ya duba ko allurar wata-wata za ta maye musu ƙwayar kullum.

30 ga Disamba, 2024

Ranar 16 ga wata CMS ta amince da shirin BH-CONNECT na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a jihar, kuma a ƙarƙashinsa Medi-Cal za ta iya biyan haya har wata shida. Wannan ita ce hidima ta 15, kuma ita ce karo na farko da kuɗin inshorar jihar zai shiga hannun mai gida a matsayin haya ta wata-wata. Kalifoniya ba ita ce farko ba, Arizona da Oregon sun samu irin wannan izini tun 2022.

Sharaɗi uku dole su haɗu. Mutum ya kasance da lalura ta lafiya da aka lissafa, kamar ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani ko ciwo mai daɗewa. Ya kasance ba shi da matsuguni ko yana gab da rasa shi. Sannan ya kasance a tsakiyar sauyi: fitowa daga asibiti, gidan yari, masaukin wucin gadi ko riƙon yara na gwamnati, ko kuma yana kwana a waje. Sau ɗaya ake bayarwa a tsawon izinin. Akwai kuma rufi na bai-ɗaya: masaukin murmurewa, masaukin bayan asibiti da hayar, in an haɗa su, ba za su wuce wata shida cikin kowane wata 12 ba. Wanda ya yi wata uku yana jinyar ƙafa a masaukin murmurewa, wata uku kawai ya rage masa na haya a wannan zagayen. Jami'an sallama na asibiti su riƙe wannan lissafi tun ranar da suke neman gado.

Tambayar da za a riƙa yi a kan kowane fayil ita ce wa zai biya wata na bakwai. Ba a fara biya sai tsarin mutum ya nuna inda kuɗin zai fito daga baya. In ba haka ba, an sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar shekara ɗaya, a wata na takwas ya fito da tabon kora a tarihinsa, tabon da zai hana shi ɗaki na gaba. An gudu gara an faɗa gidan zago.

A Nuwamba masu zaɓen gundumar Los Anjeles suka amince da Measure A, harajin rabin senti a kan kowace dalar saye domin ayyukan marasa matsuguni, wanda ya maye gurbin na kwata da aka kafa a 2017. Alƙaluman ƙidayar marasa matsuguni ta ƙasa sun fito ranar 27 ga wata: 771,480 a Amurka, 187,084 a Kalifoniya.

24 ga Maris, 2025

Ranar 4 ga wata sabbin shugabannin CMS suka janye takardun jagora da aka gina irin waɗannan hidimomi a kansu. Janyewar ba ta soke izinin da aka riga aka bayar ba, aiki yana nan yadda yake. Abin da ta taɓa shi ne sabuntawa bayan 2026. Goma sha biyu daga cikin hidimomi 14 na asali ta hanyar ƙa'idar kamfanonin inshora aka halatta su, suna da wata ƙafar tsayawa. Masaukin murmurewa da masaukin bayan asibiti kuwa a kan izinin na musamman suke rataye.

HUD ta kuma sanar da hukumomin gidaje cewa kuɗin takardun haya na gaggawa, guda 70,000 da aka ƙirƙiro a 2021, zai ƙare tun kafin lokacin da aka zata. Duk wanda aka zaunar da irin wannan takarda a fitar da sunansa yanzu a fara nema masa madadi.

28 ga Yuli, 2025

Dokar kasafi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga wata ta kawo abu biyu da za su taɓa kusan kowane fayil. Daga farkon 2027, manyan da suka shiga Medicaid ta ƙofar 2014 sai sun nuna aiki, karatu ko hidimar al'umma na sa'a 80 a wata, kuma za a riƙa sabunta rajistarsu duk wata shida maimakon shekara. Rashin matsuguni shi kaɗai ba ya cikin abubuwan da ke yafe wa mutum. Abin da ke yafewa shi ne rauni na lafiya: ciwon ƙwaƙwalwa mai naƙasawa, matsalar shan ƙwaya, ciwo mai tsanani ko mai sarƙaƙiya, naƙasa. Mutane da yawa a titi suna da ɗaya daga ciki, amma ba a rubuce ba, domin ba su ga likita ba. Aikin da ke gaban likitocin titi cikin wata 17 masu zuwa ke nan: kowane ciwo ya shiga takardar neman biya da lambarsa daidai, ta yadda kwamfutar jiha za ta gano yafiyar da kanta. Lokacin da Arkansas ta gwada sharaɗin aiki a 2018, sama da mutum 18,000 suka rasa inshora cikin 'yan watanni.

Ranar 24 ga wata wani umarnin shugaban ƙasa ya ce hukumomin tarayya su daina goyon bayan tsarin "gida tukuna", wanda ke ba mutum ɗaki ba tare da sharaɗin ya daina sha ko ya fara jinya ba. Dokar Kalifoniya ta 2016 kuwa ta wajabta wannan tsari a shirye-shiryen gidaje na jiha. Ƙungiyar da ke cin kuɗin ɓangarorin biyu za ta iya samun kanta da sharuɗɗa masu karo da juna a gini ɗaya.

Tun 1 ga wata kamfanin da ya shirya yana iya fara biyan hayar wata shida bisa zaɓinsa. Ƙidayar gundumar Los Anjeles, wadda gobarar Janairu ta sa aka ɗage zuwa Fabrairu, ta ba da 72,308, daga 75,312 na bara.

15 ga Disamba, 2025

Ranar 1 ga Janairu abubuwa uku za su fara tare. Hayar wata shida za ta zama dole a kan dukkan kamfanoni ga masu lalurar ƙwaƙwalwa ko shan ƙwaya da suka cika sharaɗi. Za a rufe sabuwar rajista ta cikakkiyar inshora ga manya marasa takardar zama. Wanda ke ciki yana nan muddin bai bari rajistarsa ta mutu ba, saboda haka ambulan mai ruwan ɗorawa ya ƙara nauyi a kansu fiye da kowa. Duba kadara kuma zai dawo ga tsofaffi da naƙasassu, da rufin dala 130,000 ga mutum ɗaya. Adadin ba zai taɓa mai kwana a titi ba, amma tambayar za ta ƙara shafi a fom, wanda kuma bai amsa ba ana iya cire shi.

Kafin ƙarshen wata: a fitar da jerin masu sabuntawa na Janairu zuwa Maris a tabbatar da adireshin kowa, a ƙirga kwanakin da kowane mutum ya riga ya ci a masaukin murmurewa cikin wata 12 da suka wuce, a zauna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na gunduma a samu a rubuce mutum nawa kuɗin muhallinsu na Proposition 1, da zai fara a Yulin 2026, zai iya ɗauka. Wanda aka fara biya wa haya a Janairu, watansa na shida Yuni ne.